Hular Ƙoda

Sha takwas bisa sha ɗaya.
Na saki iska, na sake ɗaure masa damtse,
allura ta koma inda ta tsaya.
Baba Nomau ya dube ni yana murmushi:
"Ɗiyata, lahiya lau nike,
da ƙahwata na taho tun daga tasha."

Ƙwaya uku yake sha tun bara waccan.
Ya bar kilishi, ya bar dunƙule a miya,
ya ci tafarnuwa har jikoki suna gudunsa.
Jinin bai ji ba.

Na ce, Baba, kai mai lambu ne a Jiratawa,
ka san mai tsaron bakin ruwa,
wanda in ya ƙi buɗe mafita
sai kwami ya cika, kunya ta fashe.
To, a kan kowace ƙoda akwai wata ƴar hula,
ba ta fi kan ɗan yatsa ba.
Daga nan ake turo ɗan aike cikin jini
da magana ɗaya tak: riƙe gishiri.
Gishiri kuwa ba ya kwana shi kaɗai,
sai ya jawo ruwa ya taya shi.
Wasu, hularsu ba ta san "ya isa" ba.

Ya ce, "To, a sallami ɗan aiken mana."
Na ce, sai na kama shi tukuna.

Kamun da safe ake yi,
mutum na zaune, zuciya a kwance.
Kwalba ta ɗari biyu da sha uku.
Injin yana cikin juyawa wuta ta ɗauke.
Na aiki Lawali da gudu gidan mai ƙanƙara,
muka jera jinin mutane a akwati kamar ƙwai,
na bi shi har motar Yamai
ina roƙon yaron mota kada ya ɗora buhu a kai.

A hanyar komawa na bi ta layin teloli.
Rumfar nan ta uku, yanzu caji ake yi a ciki.
Nan babana ya kife a kan keken ɗinki
da rigar sallar wani a ƙarƙashin allura.
Baki ya karkace, hannu ya zama na aro.
Aka ce jifa ne, aka ce iska ce.
Shekarata goma sha biyu,
ni na kwance zaren daga yatsunsa.
Ba wanda ya taɓa ɗaure masa damtse ya auna.

Kwana goma sha tara kafin amsa ta zo.
Na karanta a tsaye, bakin famfo:
aldosteron ya yi sama, renin ya kwanta ƙasa.
Ga ɓarawo, ga sawunsa.

Ƙwayar ƙarama ce, ba ta kai kuɗin goro biyu ba.
Ba ta kashe ɗan aike,
kunnen ƙoda take toshewa,
ya yi ta kira, ba mai amsa masa.

Mako shida, sha uku bisa takwas.
Na auna sau uku don ban yarda da murnata ba.
Ya ajiye mini damin zogale da albasa a kan takardu,
ƙasar lambu ta ɓata shafi na huɗu.
Ban goge ba.

Mutum ɗaya ba hujja ba ne, na sani.
Littafina ya ce talatin da ɗaya ne irinsa zuwa yau,
kuɗin bincike kuma a Disamba zai ƙare,
firij ɗin yana tari kamar tsoho.

Lawali ya leƙo: saura mutum tara a benci.
Wata mai tallan ƙuli daga Tibiri ta shigo,
Tasalla sunanta,
ta sauke tire, ta naɗe hannun riga da kanta,
ta ce in yi sauri, kasuwa na ci.